Ranar da Muka Cinye Sirrin Gidanmu

Ni ban zaɓi sana'ar turare ba. A cikinta aka haife ni, kamar yadda ake haihuwar ɗan mahauci cikin ƙarni. Karatuna na boko bai wuce in rubuta sunan gari a jikin kwali ba. Hanci kam an ba ni, kuma shi ya hana ni sakat har yau da furfura ta cinye mini gemu. Mutane suna shigowa shagonmu na Gumel su ja numfashi su ce, "Kai, Alhaji, ku kam kuna cikin ni'ima." Ba na tanka musu. Ban je Makka ba, su suka ga damar kirana Alhaji. Ni'ima kuwa, wanda ya tashi cikin ƙamshi tun yana goye, babu abin da yake marmari irin iskar da ba ta ƙamshin komai.

Asalin abin na Inna ne, mahaifiyarmu. Jinin Barebari ce, aka kawo ta aure wani ƙauye a ƙasar Gagarawa. Ta zo da tukunyar ƙasa da muciya da abin da ta koya wurin kakarta, wato haɗa turaren wuta, wanda ake zubawa kan garwashi a kasko ya game ɗaki. Takan narka sukari, ta zuba gutsattsarin itacen ƙamshi, ta kawo kajiji, saiwar wata ciyawar fadama da ake shanyawa a daka, ta bi da man turare, ta rufe tukunya ta bar shi ya nuna. Da farko don ɗakinta take yi. Sai matan maƙwabta suka fara roƙo. Baba manomin gero ne, kuma ba ya son a ci abinsa kyauta. Ya ce tunda suna so haka, su saya.

Shi ya fara kaiwa kasuwa a bayan keke: Sule Tankarkar, Gumel, ranar Alhamis kuma Maigatari. Baba bai iya talla ba ko kaɗan. Sai ya hura garwashi, ya zuba turare, ya zauna ya ɗaure fuska kamar an yi masa mutuwa. Amma duk matar da ta wuce sai ta juyo. Daga nan turaren ya sami suna, ake ce masa Waiwayo. Ba mu muka raɗa masa ba.

A Maigatari Baba ya haɗu da wata Hajiya 'yar ƙetare, daga wajen Dungas, mai haɗa wa amare kaya. Mace ce ƙatuwa mai haƙorin Makka, murya kamar ta direban babbar mota. Ita ta zama babbar mai sayenmu, ita ta tsallakar da Waiwayo har Damagaram. Ina yaro na ji ta ce wa Baba, "Malam, turaren mutane duk mata ne. Na matarka akwai namiji a ƙasansa." Gaskiya ta faɗa. Turaren wasu zaƙi ne kawai, ya tashi ya baje. Na Inna in zaƙin ya wuce sai wani abu mai nauyi, mai ɗumi, ya zauna a tufafi, a wanke ma yana nan. Mata da yawa sun zo sun zauna kusa da Inna wai taya hira, suna satar kallon abin da take zubawa. Sun koma sun yi, bai yi ba. Sai aka yanke cewa hannu ne. Inna ta yarda hannu ne. Mu ma mun yarda.

Kajiji bayan damina ake sayensa da yawa, na shekara guda. A zaure Baba yake jibge buhunan, don nan ne ruwa ba ya shiga. A zauren nan kuma bunsurun Baba yake kwana. Tun da na buɗe ido akwai bunsuru a gidanmu, wanda 'yan ƙauye ke kawo wa awakinsu. In ya tsufa ɗansa ya gaje shi, kuma kowannensu sai ya haye kan buhunan nan ya miƙe kamar shi ya saya. Inna ta yi yaƙi da zuriyar nan tsawon aurenta. Ta kore su da muciya, ta watsa musu ruwa, ta zage su har iyayensu. Baba sai ya ce, "Ƙyale shi mana, me ya ci miki?" Ni kaina na sha duka a kan ban kori bunsuru daga kan kajiji ba.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na gaji keken, daga baya na sayi babur. Yaya, babbar 'yar Inna, mijinta ya rasu ta dawo gida, ta zama ita ke daka da juyi, Inna na zaune tana ba da umarni da hanci. Muka kama rumfa a Maigatari. Ƙanena ya taso da waya a hannu, ya riƙa ɗaukar hoton kwalabe yana turawa, sai ga mutanen Kano da Abuja, waɗanda ba su san inda Gagarawa take ba, suna cewa a sa musu a mota. Na daina barcin rana. Ƙarshe muka ga ƙauye ya yi mana nisa da tasha, muka kama gida a Gumel mai shago a gaba da ɗakin ajiya na siminti, ƙofar ƙarfe, ko ɓera ba ya shiga. Kowa ya yarda da tashin, har Inna.

Sai maganar walimar buɗe shago. Awakin gida mun raba wa dangi. Bunsuru ne kowa ya ƙi, don ya tsufa kuma warinsa yana riga shi shiga gida. Yaya ta ce, "To a yanka shi mana." Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, na ga ƙarshensa kafin ya ga nawa." Aka yanka. Yaya ta tula masa citta da kanumfari, ya wuni a wuta, aka zuba kan shinkafa. Nama kamar igiyar guga, amma an ci. Hajiyar ƙetare ta zo da kanta, ta kawo wa Inna turmin atamfa ta ce kado ne, haka suke kiran kyauta a can. Ta ci ta nemi ƙari.

Watannin farko lafiya lau, don da ragowar kajijin ƙauye muke aiki. Ya ƙare, na sayo sabo, na shigar ɗakin siminti na kulle. Ba a jima ba, wata Alhamis ina rumfa a Maigatari, sai ga Hajiya ta dire mini kwalba a gaba.

"Kai, ɗan Malam, mene ne wannan?"

"Waiwayo ne, Hajiya."

"Ƙarya kake. Wannan Wuce-abinka ne. Na turara ɗaki tun la'asar, maigidana ya shigo, ka san me ya ce? Ya ce ina tuwo."

'Yan rumfar kusa suka fashe da dariya. Ni ban yi ba.

"Uwayen amare sun dame ni," in ji ta. "Ko tsohuwar ta daina sa hannu kun bar wa yara?"

"Ita ta haɗa da kanta."

Ta rage murya. "To ka gaishe ta. Amma in haka zai ci gaba, ba zan ɓata sunana ba, shaguna ne cike da irin wannan a Damagaram."

Na buɗe kwalbar na shinshina. Ban buƙaci garwashi ba. Zaƙin yana nan, abin da ke ƙasansa ne babu. Na riga na ji haka tun a gida, na ce ko mura ce ke damuna.

Inna ba ta yi musu ba, ita ma ta ji. Ta sake haɗawa. Ta ce sukarin ne, aka canza. Ta ce itacen ne, aka canza. Ta sa na koma ƙauye a babur na ɗebo ruwan rijiyarmu a jarka. Yaya ta ce murhun gas ne, muka koma itace, hayaƙi ya baƙanta sabon fenti. Ƙanena ya ce masu man turare na Kano ne suke algus. Matata ta ce bakin mutane ne, tun da muka buɗe shago ake kallonmu. Kawu, ƙanen Inna, malami ne mai allo da buzu, ya yi rubutu aka wanke Inna ta sha, aka yayyafa saura a tukunya. Turare ya fito da ƙamshi, amma ba Waiwayo ba.

Ran nan da hantsi Inna ta kira Yaya, ta miƙa mata muciyar da ta zo da ita gidan aure. Ta ce, "Riƙe. Hannuna ya mutu."

Yaya ta ce, "Haba Inna."

"Hannu yana riga mai shi tafiya. Na gani a wurin kakata. Ku mai da ni ƙauye in jira."

Daga ranar ta juya fuska bango. A kawo tuwo ta taɓa ta ture. A kawo fura ta ce ta ƙoshi. Dama idonta ya yi rauni, sai ta daina fitowa ko tsakar gida. Matar da take jin sukari ya kusa ƙonewa tana banɗaki, ta ƙwala wa Yaya kira, yanzu a ƙona tukunya guda ba za ta ɗaga kai ba. Ciniki ya ja baya, wannan gaskiya ne, amma ni ba shi ya dame ni ba. Na taɓa noma, zan iya komawa. Tsohuwar ce nake gani tana zagwanyewa a kan tabarma, wuyan hannunta ya koma kamar karan gero.

Wata Alhamis babur ya ƙi tashi a Maigatari, na bar shi wurin mai gyara, na shiga motar haya da ƙaramin buhun kajiji da na saya wurin wani baƙo, ko nasa zai bambanta. Wanda ya san motar Maigatari ranar kasuwa ya san ba a tambayar mutum kafin a ɗora masa kaya. Na ɗora buhu a cinya, kwandasta ya ɗora mini bunsurun wani a kan buhun. Na ce, "Kai, wannan fa?" Ya ce, "Baba, haƙuri, nan da Gumel ne." Rana ta take, gilashi ba ya sauka, bunsuru ya yi ta goga gemu a buhu da ƙirjina. Sau ɗaya ma ya yi abin da ya fi goga gemu.

Na isa gida, matata ta tare ni a ƙofar ɗaki da hannu a hanci. "Wallahi ba za ka shigo mini haka ba. Rijiya ka faɗa ko turken awaki?" Na ce bari in gaida Inna tukuna. Na durƙusa a bakin ƙofarta da buhuna, na yi sallama. Tana kwance fuska a bango. Sai na ga ta ɗaga kai.

"Wa ya buɗe tsohuwar tukunya?"

"Ba wanda ya buɗe, Inna. Ni ne na dawo."

"Matso nan, kai wannan."

Na matsa. Ta laluba ta kama buhun, ta tura hanci, ta daɗe. Ta ce, "Ina ka samo? Wannan ne kajijinmu. Sauran da kake kawo mini duk ciyawa ce."

Na shinshina buhun, warin bunsurun motar nan ne. Zaurenmu na ƙauye ya dawo mini gaba ɗaya, da buhunan, da mai gemun da ke kwance a kansu yana tuƙa. Na tuna shinkafar walima. Na ce mata wurin wani baƙo na saya, wanda ba ƙarya ba ne, na fita.

Yaya na samu a madafa na faɗa mata. Ta ajiye ludayi. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta zauna kan turmi. Ta ce, "Amaren Damagaram. Matan manya na Abuja." Sai dariya ta kama ta, ta yi har hawaye, ta share, ta sake cewa inna lillahi. "Ni na dafa shi da hannuna," in ji ta. "Har na ce a ƙara citta don a kashe warin."

Kafin komai na je wurin Kawu, don turarenmu har masallaci ana kaiwa, ba na son mu ɗauki alhakin sallar mutane. Na yi masa bayani kaina a ƙasa. Ya shafa gemu, sai kuma ya sauke hannun da sauri.

"Dabbar nan ana cin namanta?"

"Mun ma ci, Kawu. Kana wurin."

"To abin da ake cin namansa, guminsa da fitsarinsa ba najasa ba ne a wurin malamanmu. Miskin da kuke ɗaukaka, daga cibiyar barewa yake. Jibdar da ake sa wa turare kuwa, kada ka sa in faɗi inda ake kankaro ta, yanzu na yi alwala." Ya gyara zama a kan buzu. "Halal ne. Amma ba kowane halal ake rubutawa a jikin kwalba ba."

Alhamis ta zagayo na shiga kara, kasuwar dabbobi ta Maigatari, inda ban taɓa sayen ko zakara ba. Kowa ya san yadda ake sayen akuya: a taɓa gadon baya, a buɗe baki a ga haƙori. Ni sai na durƙusa na kai hanci wuyan bunsuru. Na tashi na tafi na gaba. Wani dillali ya biyo ni.

"Alhaji, na suna ne ko na layya?"

"Na wari nake so."

"Na'am?"

"Wanda ya fi kowane wari a kasuwar nan."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya juya ya yi shela, "Jama'a, mai bunsuru mai wari ya kawo, ga Alhaji zai saya!" Kafin in ankara an kewaye ni. Wannan ya ce nasa in ya shiga gari karnuka ke fita. Wancan ya ce nasa ya sa matarsa yaji. Na shinshina har kaina ya fara juyawa. Yawancinsu warin ƙazanta ne kawai, ba shi nake nema ba. Ƙarshe wani Bafulatani dattijo ya janyo wani baƙi, mai ƙaho a murɗe, gemu ya rine ya yi rawaya, ido kamar na tsohon ɗan caca. Tun bai ƙaraso ba idona ya kawo ruwa. Na ji zauren Baba.

Bafulatanin ya tambayi asalina, na ce uwata Babarbariya ce. Ya tafa hannu. "Shi ya sa! Na tsufa ina kiwo, ban taɓa ganin Babarbare ya gane ɗan'uwansa a kasuwa ba sai yau. Ɗauki abinka, ku gaisa da mutanen gida." Na ce ai a hannun Fulani ya koyi rashin wanka. Muka yi ciniki, ya tsuga mini kuɗi don ya ga ina so, na ɗaure ɗan'uwana a bayan babur.

A bayan ɗakin ajiya muka yi masa rumfa, muka jibge buhunan kajiji. Ba sai da aka nuna masa ba, ya haye ya miƙe.

Saura Inna. Yaya da ƙanena suka ce kada a faɗa mata. A bari kajiji ya ɗauka, a ba ta ta haɗa, ta ɗauka hannunta ne ya dawo. Yaya ta ce, "Mace ta yi rayuwarta ana cewa hannunta, ka je ka ce mata akuya ce? Kashe ta za ka yi." Na ga gaskiyarsu. Amma na ce, matar da ta ji warin buhu tana kwance fuska a bango, ita za a ɓoye wa bunsuru a bayan ɗakinta? Gara ta ji daga bakina. Ni dama ban iya kwana-kwana ba.

Na shiga na zauna. Na ce, "Inna, hannunki bai mutu ba. Bunsuru ne ya mutu."

Ta juyo. Na faɗa mata duka, tun daga zaure har motar Maigatari. Yaya tana tsaye a ƙofa tana saurare. Inna ta ɗago kai.

"Wanda nake kora da muciya?"

"Shi da ubansa da kakansa."

"Wanda muka ci?"

"Shi."

Ta gyara kwanciya. Sannan ta ce, "Kai wannan, gida nawa ne a ƙasar Gagarawa babu bunsuru?"

"Da wuya a samu, Inna."

"A cikinsu wa ya yi Waiwayo?"

"Babu."

"To." Ta yunƙura ta zauna. "Shi ya kawo wari. Ni na san abin da zan ɗora a kai ya zama turare. Je ka ɗauki bunsurun ka sa a kasko ka ga ko amarya za ta saya." Ta dubi wajen Yaya. "Ke kuma ba ni muciyata, aro na ba ki. Akwai sauran tuwo?"

Tana cikin ci sai ta tsaya da loma a hannu. Ta ce, "Ƙyale shi mana, me ya ci miki." Ta kwaikwayi muryar Baba sak. "Sau nawa na ce a mai da buhunan nan rumbu ya ƙi? Mutumin nan, Allah ya jiƙansa, ko dai ya sani?" Ta ci gaba da cin tuwonta. Har yau ban sani ba. Baba ba mai magana ba ne.

Da kajiji ya ɗauka ta haɗa, na kai wa Hajiya. Ta sa a garwashi a nan rumfa, ta rufe ido. Ta ce, "Yawwa, namijin ya dawo. Me ya faru da?" Na ce tsohuwar ce ba ta ji daɗi ba, yanzu ta warke. Ta ce, "Ai na faɗa, hannu ne." Na ce hannu ne.

Yanzu muna aika kaya garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba. Yaran Yaya sun shigo sana'ar, ƙanena yana maganar buɗe shago a Kano. Maƙwabta a Gumel sun kai ƙarata wurin mai unguwa, suna mamakin gidan masu turare da wari haka ta baya. Na ba su haƙuri da kwalba ɗai-ɗai, suka yaba ƙamshin. Dusa da harawar bunsuru a wuyana suke, don kowa a gidan ya ce ni na kawo shi, kuma tagar ɗakina ce ta fi kusa da rumfarsa. Ya haifi ɗa da akuyar maƙwabta, muna renonsa kamar jariri. Da Babbar Sallah in baƙo ya dube su ya ce wannan ai ya isa yanka, Yaya ce take fara tashi tsaye.

Inna kuwa kullum da safe sai ta dogara muciya ta zagaya baya. Ta tsaya a kansa yana kwance kan buhuna, ta ɗaga muciyar ta ce, "Ɗan banza, ƙazami, zuriyar marasa kunya." Sannan ta sauke, ta ce da ni, "Kai wannan, an ba shi ruwa kuwa?"